Yadda Ake Shirya Wasan Kwaikwayo Mai Waƙa Daga Bakin Masu Gigin Tsufa da Masu Jinyarsu

Kakata ta yi sama da shekara sittin tana ciniki da Larabci, tana yi wa jikoki faɗa da Larabci. Da ciwon ya kama ta, Larabcin ne ya fara zubewa. Cikin shekara biyu ta koma Hausa zalla, irin wadda ta ji a bakin iyayenta a garin Mai Wurno na Sudan, cike da kalmomin da mu da muka tashi a Kasala, gabashin ƙasar, ba mu taɓa ji ba. Ƙananan jikoki, waɗanda Hausarsu ba ta wuce gaisuwa ba, sai su tsaya a bakin angarib, gadonta na igiya, suna kallonta. Kullum da la'asar sakaliya takan naɗe dardumarta, ta ƙulle ƴan kayanta a ɗankwali, ta ce, "Ina son in tafi gida." Mu ce, "Habboba, ai a gida kike." Ta dube mu kamar baƙi, ta sake faɗa, da murya ɗaya, da hawa da sauka iri ɗaya.

Wannan jimlar ce ta zama waƙar farko a wasan da muka shirya da matasan unguwarmu. Irin wannan wasa ba a zama a ƙirƙiro masa labari. Ana zuwa gidajen mutane a naɗi maganarsu da yardarsu, a rubuta ta yadda ta fito, a zaɓi wadda za a zaɓa, sannan a ɗora mata kiɗa ba tare da an ƙara ko kalma ɗaya ba. Salon ya samo asali tun shekarun 1920 a Jamus, inda mai shirya wasan kwaikwayo Erwin Piskato ya riƙa kawo takardun gaskiya da jawabai da hotuna kan dandamali. A 2011 babban gidan wasan kwaikwayo na ƙasa da ke Landan ya nuna wani wasa da aka rera hirar mazauna wani titi na garin Ipswich kalma da kalma, har da in'ina da gyaran murya. Mu kuwa muna da abin da Ingilishi ba shi da shi: harshenmu da karinsa yake tafe. Waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi, kuma duk matakan da ke ƙasa hanya ce ta kai ta gaban jama'a ba tare da an ƙwace ta daga mai ita ba.

Ku fara sanin ciwon

Kafin kowa ya ɗauki waya, ƙungiyar ta zauna da likita ko ma'aikacin jinya ko da na awa biyu ne. Abin da muke kira gigin tsufa ko ruɗewa, Larabawa su ce haraf, ciwo ne na ƙwaƙwalwa, kuma tsufa kaɗai ba ya kawo shi. Ga tsofaffi nan birjik da suka haura tasa'in da hankalinsu garau. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce masu fama da shi sun wuce miliyan 55, sama da kashi 60 cikin 100 suna ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi da matsakaita, kuma kowace shekara ana samun sabbi kusan miliyan 10. Kashi 60 zuwa 70 cikin 100 cutar Alzaima ce, wadda likitan Jamus Alois Alzaima ya bayyana a 1906. Wani nau'in kuma daga toshewar ƙananan jijiyoyin jini na ƙwaƙwalwa yake zuwa, shi ya sa hawan jini da ciwon suga da shanyewar ɓarin jiki suke da hannu a ciki.

Abu uku za su yi muku amfani kai tsaye. Abin da ya faru ɗazu ne yake fara ɓacewa, na ƙuruciya ya daɗe yana nan. Mai harshe biyu sau da yawa yakan koma harshen da ya sha a nono. Waƙa da karatun da aka haddace tun ana yara sukan zauna bayan sunayen ƴaƴa sun tafi. Sannan ku riƙe wannan da kyau: tsohon da ya ruɗe farat ɗaya cikin kwana ɗaya ko biyu, a garzaya da shi asibiti, domin zazzaɓin cizon sauro, ciwon mafitsara ko ƙarancin ruwa a jiki suna kawo irin wannan, kuma ana warkewa. In kun tarar da haka a wani gida, ku ajiye maganar wasa ku taimaka a kai shi.

Neman izini

Nan ne aikin yake tsayawa ko ya rushe. Mutanenmu mutanen rufin asiri ne. Gidan da uba ya fara fita ba riga, ko uwa ta fara zagin surukarta da cewa ta sace mata kuɗi, ba sa son maƙwabci ya ji, balle taro. Wasu suna tsoron a ce hauka ce a dangi, ƴaƴansu mata su rasa manema. Don haka kada ku aika yaro da takarda. Ku je da kanku, tare da wanda gidan yake ganin girmansa, limamin unguwa ko wata dattijuwa, ku sha jabana, wato gahawa, ku yi bayani dalla-dalla: me za a naɗa, wa zai ji, a ina za a nuna, kuma suna da ikon janyewa ko da saura kwana ɗaya.

Izini biyu ake nema. Na farko na waliyyin mara lafiya, wato wanda ke ɗauke da nauyinsa, tare da sanin sauran manyan ƴaƴa, har da wanda yake Jidda ko Bur Sudan, domin shi ne zai bugo waya da faɗa in ya ji daga baya. Na biyu na mara lafiyar kansa, kuma wannan kullum ake sabunta shi. Duk zuwa sai ku ce, "Baba, mun zo mu ji labari, za mu ɗauki muryarka a wannan wayar, ka yarda?" In ya kawar da kai, ko ya ja mayafi ya rufe fuska, ko ya fara neman hanyar fita, ya ba ku amsa ke nan, ko da ɗansa ya sa hannu a takarda goma. Inda ba a karatu, ku naɗi yardar da baki a gaban shaida.

Halin da ƙasa take ciki ya ƙara wani nauyi. Gidaje da yawa da za ku shiga na ƴan gudun hijira ne: wasu sun baro Hartum da Umdurman bayan ɓarkewar yaƙi a ranar 15 ga Afrilu 2023, wasu Madani a Disambar shekarar, wasu kuma tun rikicin jihar Nilu Shuɗi na 2022 suke yawo. Mai gigin tsufa da aka raba da ɗakinsa da hanyar masallacinsa yakan ƙara ruɗewa, kuma labarin hanya dole zai shigo cikin hirar. Ku canza sunaye, ku cire sunan ƙauye da na unguwa, ku cire duk abin da zai nuna wane ne ya yi me a wane shinge. Muryoyin asali su zauna a katin ajiya guda biyu a hannun mutum biyu amintattu, a goge su daga wayoyi, kada a tura su ta WhatsApp ko da a cikin ƙungiyar ne.

Hira

Gida shida zuwa takwas sun isa. Ku nemi bambanci: mace da namiji, wanda ciwon ya fara taɓawa da wanda ya yi nisa, ɗan gari da ɗan gudun hijira. Mutum biyu kacal su shiga, ɗaya yana magana, ɗaya yana kula da waya. Mata su je wa mata.

Da hantsi ake zuwa, bayan an karya an sha shayi. Yamma lokacin damuwarsu ne, kamar yadda kakata take ɗaure kaya da la'asar. Da mara lafiya kada a wuce minti ashirin zuwa talatin, gara ku dawo sau uku. Ku kashe layin wayar don kada kira ya yanke naɗin, ku ɗora ta a kan nannaɗaɗɗen zane kamar kamu ɗaya daga bakinsa, ku nisanci janareta da fanka. Rakuba, wato rumfar ciyawa, ta fi ɗakin kwano, domin ɗakin kwano yana mayar da amo.

Kuskuren da na tafka a gidan farko, har yau yana damuna. Wani dattijo ne da ya yi rayuwarsa yana noman auduga a Jazira. Na durƙusa na gaishe shi, sai na ce, "Baba, ka gane ni? Ka tuna sunan babban ɗanka?" Ya dubi ɗan nasa, ya dube ni, leɓensa yana motsi. Sai ya sunkuyar da kai ya ce, "Ku yi haƙuri." Mutumin da ya aurar da ƴaƴa tara, na sa shi ba ni haƙuri a gidansa. Ranar ba mu naɗi komai ba. Da muka koma bayan kwana uku, ƴarsa ta ba ni shawara in zo da ƙullin auduga mai ƙwaya. Na sa masa a tafin hannu ban ce uffan ba. Yatsunsa suka fara tsince gurya da kansu, sai ga shi yana bayanin yadda ake sakin ruwa daga babbar tura'a, wato magudanar ban ruwa, zuwa ƙanana, da wanda ake bi a ba shi goro kafin ruwan ya iso gonarka, har da waƙar da mata suke yi wajen tsinka. Minti goma sha takwas bai tsaya ba.

Saboda haka kalmar "ka tuna" ku cire ta daga bakinku. Ku zo da abin taɓawa da na shaƙa: faifai, muciya, carbi, allo, turaren wuta, daddawa. In ya ce mahaifiyarsa tana jiransa, alhali ta rasu shekara hamsin, kada ku gyara masa, ku ce, "Wace irin miya take yi?" In ya yi shiru, ku ƙirga goma a zuci kafin ku yi magana. Ya shiga Larabci ku bi shi, ya dawo Hausa ku dawo.

Masu jinya kuwa a keɓe za ku ji su, nesa da kunnen mara lafiya da na sauran dangi, kuma a ba su awa guda ko fiye. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Galibinsu mata ne, ƴa ko suruka ko jika. A duniya ma kusan kashi 70 cikin 100 na sa'o'in jinyar masu wannan ciwo mata ne suke ɗauka. Kada ku tambaye ta yadda take ji, za ta ce alhamdu lillahi ta rufe maganar. Ku ce, "Yaya, ba ni labarin daren jiya, daga isha'i zuwa asuba." A nan za ku ji wankin shimfiɗa da ƙarfe uku na dare, da kwanon abincin da aka ɓoye a ƙarƙashin matashi, da maƙwabciyar da ta ce a kai ta a yi mata ruƙiyya.

Malamin da ake kai masa su, shi ma ku ji ta bakinsa cikin girmamawa, haka mai shagon da yake mayar da tsohon gida in ya ɓata. Tijani Almahi, likitan ƙwaƙwalwa na farko a Sudan, wanda asibitin Umdurman yake ɗauke da sunansa, ya yi suna wajen zama da shehunnai da masu maganin gargajiya ya saurare su, kuma wasan da ya mayar da malamai abin zargi zai rasa rabin masu kallonsa tun kafin a fara. Kafin ku bar kowane gida, ku naɗi minti biyu na amon gidan kawai: tafasar shayi, ɗigar zir (randar ruwa), kiran salla daga nesa.

Rubutawa

Aiki ne mai cin rai. Hirar awa ɗaya takan ci mana awa biyar zuwa shida. A rubuta komai: "to", "yani", "wato", tari, dariya, kalmar da aka fara aka sake, jimlar da ta mutu a tsakiya. Kada a gyara nahawun kowa, kada a mayar da Hausar Sudan ta koma ta Kano. Wadda ta ce "na je mustashfa", wato asibiti, haka za a bar mata. Ku sa alama inda aka yi shiru, da adadin daƙiƙoƙinsa. Yawancin matasanmu da harafin Larabci suka yi karatu, don haka ajami ya fi musu sauƙi a kan boko, kuma babu laifi, tunda takardar tunatarwa ce kawai. Da kunne za a koyi wasan.

Zaɓe da jerawa

Za ku tashi da awa goma sha biyu ko sha biyar, kuna neman minti hamsin. Kowa ya saurari komai, ya ware wuraren da suka tsaya masa a rai. Ku rubuta kowane guntu a ƴar takarda, ku baje a tabarma, ku yi ta matsar da su.

Mu mun jera namu a kan yini guda, daga kiran assalatu zuwa bayan isha'i, gidaje bakwai suna tafiya tare kamar masu katanga ɗaya. Wannan tsari ya fi dacewa da ciwon a kan labari mai farko da ƙarshe, domin ranakun waɗannan gidaje maimaita kansu suke yi, kuma kowa a cikin taron ya san yadda la'asar take zuwa. Dokokinmu uku ne. Ana iya yankewa. Ana iya sauya jeri. Ba a ƙari, kuma ba a haɗa rabin jimlar nan da rabin waccan a sa mutum ya faɗi abin da bai faɗa ba. In ana bukatar bayani, mai gabatarwa ya fito a matsayinsa na ɗan ƙungiya ya yi shi da bakinsa.

Ku yi hattara da son sa mutane kuka. In kun tara baƙin ciki zalla, kun yi wa gidajen ƙarya, domin a cikinsu ana dariya, ana tsokanar jika, ana cin agashe ranar da aka samu kuɗi. Wata tsohuwa da ba ta san shekarar da ake ciki ba, ita ce take gyara wa jikarta karatun Tabaraka daga kan gado. Wannan ya shiga wasan.

Fitar da waƙa daga magana

Kowace gaɓa a Hausa tana da karinta, sama ko ƙasa ko faɗau, kuma wasali yana da dogo da gajere. Shi ya sa kukan yaro da kukar miya ba sa rikice wa kunne, shi ya sa kuma kalangu yake iya kiran sunan mutum. Ma'ana, duk jimlar da kuka naɗo ta zo da rabin waƙarta. Aikin mai kiɗa shi ne ya gano ta.

Ga yadda muka yi da jimlar kakata. Mun yanko ta ita kaɗai, muka saurara sau ashirin ko fiye, har kalmomin suka daina shiga kunne sai amonsu. Kowa ya yi ta gunjinta da baki rufe. Gaɓa takwas ce: "i" a sama, "na" ta sauko ta ja, "son" ta faro daga sama ta faɗo, "in" da "ta" suna ƙasa, sannan "fi", "gi", "da" su hau su tsaya, ta ƙarshen ta ja. Amma hawan ƙarshen bai kai na farkon tsayi ba, domin jimlar Hausa gangarowa take yi sannu a hankali, kamar mai saukowa daga dutsen Totil na Kasala. Sai mai udu, molon Larabawa, ya lalubo waɗannan sautuka a kan tsirkiya. Abin da ya sauƙaƙa mana shi ne kiɗan Sudan da mafi yawan waƙoƙin Hausa duk a kan sautuka biyar suke tafiya, abin da mawaƙan nan suke kira sullam humasi, don haka kunnen Bahaushe da na maƙwabcinsa duka sun karɓa.

Bayan kari sai tafiya. Ku tafa hannu a kan kowace gaɓa yadda mai maganar ta faɗe ta, har da inda ta tsaya ta ja numfashi. Kakata takan ɗan dakata kafin "gida". Mai buga gangar dalluka ya so ya cike wurin don kiɗan ya daidaita, muka hana. Kiɗan ne zai jira ta. A wurin nuni, wannan ɗan shirun ne ya sa mata da yawa suka ja tob, mayafin matan Sudan, suka rufe fuska.

In an karya karin kalma don a biya bukatar kiɗa, an canza maganar ke nan, kuma dokar rashin ƙari ta karye ta bayan gida. Duk waƙar da kuka gama, ku rera wa wani dattijo da bai san aikin ba. In ya ce, "Me aka ce?" ku koma ku gyara.

Maimaici, wanda shi ne yake gajiyar da masu jinya, a nan shi ne amshi. Jagora ya rera maganar ƴar da take lissafa aikin dare, ƴan amshi su riƙa dawo da tambayar uwar, "An ba yara abinci?", sau bakwai, sau takwas, yadda take yi a gida. Masu kallo za su ɗanɗani nauyin, kuma za su ji cewa tambayar ta uwa ce da har yanzu take tunanin cikin ƴaƴanta. Sai dai a rera shi da nauyi. In aka sa masa gaggawa da tsalle, ya koma irin tashen da yara suke kwaikwayon tsoho don a yi dariya, alhali tsohon yana zaune a sahun gaba.

Kashi na biyu na waƙoƙin su ne waɗanda tsofaffin suka rera da kansu: na daka, na niƙa, na reno, na gaɗa, begen Annabi, baitocin Ishiriniya. Abin da mutum ya ji tsakanin shekara goma zuwa talatin shi ya fi zama a ransa, don haka ku lissafa shekarun ƙuruciyar kowane. Waɗanda suka tashi da rediyon Umdurman za ku ji suna ambaton A'isha Falatiyya, haifaffiyar Kasala wadda iyayenta suka zo daga ƙasar Sakkwato, mace ta farko da ta rera waƙa a rediyon Sudan a 1942, kuma ta yi waƙa da Larabci da Hausa. Irin waɗannan ku bar su yadda tsohuwar ta rera, in ta manta baiti a bar gurbin. In waƙa ta tayar wa mara lafiya da hankali a lokacin hira, ku tsaya nan take, ku sauya zance.

Kayan kiɗa kaɗan sun fi: ƙwarya a kan ruwa, shantu, dalluka ɗaya, udu ko garaya. Inda jama'a ba sa son kayan kiɗa, murya da tafi da mandiri sun wadatar, kuma wannan magana ce da za a gama da dattawan unguwa tun farko. Alƙur'ani ba a ɗora masa kiɗa. In kuna son ayar Suratun Nahli ta 70 da ta ambaci wanda ake mayarwa mafi ƙasƙancin rayuwa har ya kasa sanin abin da ya sani, ko ta Isra'i ta 23 da ta hana ce wa iyaye "tir", a dakatar da komai, makaranci ya karanta, a yi shiru, sannan a ci gaba.

Gwaji

Sati shida, sau uku a sati. Kowane ɗan wasa ya sa abin sauraro a kunne, muryar asali tana tafiya yana bin ta a baya da ɗan taƙi, har numfashinsa ya zama nata. Sai a cire. Ba a shafa toka a kai, ba a manna gemun auduga, ba a karkarwar ƙarya. Abu ɗaya ya isa ya nuna wanda ake wakilta: sanda, carbi, ko yadda ake yafa tob. Mutum shida za su iya ɗaukar muryoyi goma sha biyar. Wasu daga cikin ƴan wasan su ma jinya suke yi a gida, ko sun binne wani a hanya, don haka a rufe kowane gwaji da shayi da hira, wanda ya ce yau ba zai iya ba a ƙyale shi.

Iyalai su fara gani

Sati biyu kafin nuni, ku tara iyalan kawai a wani gida, ku yi wasan gaba ɗaya. Duk abin da suka ce a cire, a cire ba gardama. Mu mun rasa guntun da ya fi kowane ƙarfi a wannan zama. Wata baiwar Allah ta faɗa mana a hira cewa takan sa wa ɗakin mahaifiyarta kwaɗo da dare don kada ta fita titi, kuma wata rana gajiya ta sa ta buge mata hannu. Da ta ji maganar a bakin ƴar wasa, ko da an canza suna, sai ta kira ni gefe ta ce, "Ɗan'uwa, yayyena za su gane ni ce. Ka rufa mini asiri." Muka cire. Daga baya ita da kanta ta ce a bar ƙarar kwaɗon, ba magana. Haka aka yi: fitila ta rage haske kaɗan, aka ji an murɗa makulli. Bayan wasan mata huɗu suka zo suka ce su ma haka suke yi, kuma ba su taɓa gaya wa kowa ba.

Ranar nuni

Filin makaranta, nadi, wato kulob ɗin unguwa, ko babban tsakar gida duk sun yi. Ku nemi izinin hukuma da wuri, ku duba ko akwai dokar hana fita. In kuna son tsofaffin su halarta, ku yi nuni ɗaya da hantsi domin su: kada ya kai awa ɗaya, kada a kashe haske gaba ɗaya, lasifika a ƙasa-ƙasa, hanya a buɗe ga mai son tashi, ruwa da makewayi a kusa. Duk bugun da ya yi kama da harbi a cire shi, saboda su da kuma yaran da suka ji na gaske. Wanda ya tashi yana amsa wa ƴan wasa ko ya kama waƙar, a bar shi, ƴan wasa su saba da haka tun a gwaji. Ranar 21 ga Satumba, ranar cutar Alzaima ta duniya, lokaci ne mai kyau in kuna neman haɗin kan ma'aikatan lafiya.

Tunda taron zai haɗa masu jin Hausa da marasa ji, mai gabatarwa ya riƙa ba da ma'anar kowace waƙa da Larabci a taƙaice kafin a fara ta. Kada a fassara a tsakiya. Ku roƙi jama'a su ajiye wayoyi, ku sa matasa biyu su lura, domin guntun bidiyo na daƙiƙa talatin a TikTok zai iya warware duk alkawarin da kuka yi wa gidajen. Bayan an gama, ma'aikacin lafiya ya zauna rabin awa ya amsa tambayoyi: yadda ake hana tsoho ɓata, amfanin ɗinka lambar waya a cikin aljihun rigarsa, muhimmancin auna hawan jini da suga, da yadda dangi za su raba kwanakin jinya don kada ta faɗa kan mace ɗaya. In an samu wani tallafi ko gudummawa, a fitar da kason gidajen kafin na kowa, a kai musu cikin sirri.

Sai abu na ƙarshe. Kowane gida a kai masa kwafin muryar tsohonsa cikakkiya, wadda ba a yanke ba, a katin ajiya, a hannun wanda ya ba da izini. Sauran kwafin a goge su a ranar da aka yi alkawari. Na kakata yana wurin gwaggota. Minti goma sha ɗaya ne, tana waƙar niƙa, tana tsayawa tana tambayar ko an ɗaure akuya, sannan ta koma daidai baitin da ta bari. Jikokin nan da suke tsayawa a bakin angarib sun haddace ta duka, yanzu suna bin gwaggo suna tambayar ma'anar kalmomin ɗaya bayan ɗaya.